Tumu a Lambun Attajiri

Duk mai son auna wayewar wata al'umma, kada ya ɓata lokacinsa wajen kallon dogayen gine-ginenta ko yawan jami'o'inta. Ya tsaya ya ga abin da take yi da ranar Asabar. Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Funtuwa, na zana wa yara tafkuna da tsibirai da alli har hannun rigata ya koma fari, amma sai da na zo New York na san akwai mutanen da ke tashi takanas, su hau mota, su yi tafiyar yini guda, don kawai su kalli ruwa su dawo. Ba su da kowa a can. Ba gaisuwar mutuwa za su ba, ba suna, ba ɗaurin aure. Abin ya girgiza ni ƙwarai, kuma kamar yadda masu ɗan karatu suka saba, duk abin da ya girgiza ni sai in ɗauke shi ilimi.

Digiri na biyu ya kawo ni, a shekarun nan na bayan dubu biyu da goma. Da safe ina aji, da yamma ina tsaron ƙofar wani kanti a Bronx, cikin riga mai maɓallan ƙarfe, ina yi wa masu sayen man goge baki kallon tuhuma.

Wanda ya riƙe ni a garin Haruna ne, mutumin wani ƙauye a bayan Tasawa ta Nijar. Ranar da na sauka, wanda ya yi alkawarin tarbata ya kashe wayarsa. Haruna ya tsince ni a masallacin layin 116 na Harlem, ina zaune a kan akwatina kamar kaza a kan ƙwai. Bai tambayi asalina ba. Ya ɗauki akwatin, ya kai ni ɗakin da suke haya da wasu mutum huɗu, ya ba ni katifarsa. Sana'arsa tebur ce a bakin titi: tabarau in ana rana, lema in hadari ya haɗu, safar hannu in sanyi ya shigo.

Bizarsa ta mutu tun kafin in zo. Saboda haka rayuwarsa ƙa'idoji ce. Ba ya gardama da kowa. Ba ya tsallaka titi sai fitila ta ba shi hannu, ko da kuwa ba mota ko ɗaya. In ya hango motar 'yan sanda sai ya sami abin gyarawa a ƙarƙashin tebur. Kuma bai taɓa fita daga birnin ba tun da ya shigo shi.

A daminar shekarar da nake ba da labarinta mahaifinsa ya rasu. Wanda ba shi da takarda in ya fita ba ya dawowa, ga mata da 'ya'ya da ƙanne duk suna ci daga teburin nan, don haka a waya ya ji an kai tsohon. Aka yi addu'a a masallaci, aka watse. Daga nan Haruna ya yi shiru. Ba ya kuka, ba ya ƙorafi, abinci kuma sai ya tsakura ya ture. Kafin wata ya zagayo ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa. Ni kuwa, da yake na karanta littattafai, na yanke masa magani: canjin iska.

Zangon farko shagon Baba Sule ne, a nan layin 116. Yana aika kaya gida, yana sayar da katin waya da turare da dabino, kuma ashe yana sayar da aljannar duniya ta kwana biyu. Ya buɗe mini wata takarda mai hotuna.

"Malam, dubi nan. Tafki, tsibirai, fadojin masu kuɗi, lambuna. Otal a bakin ruwa. Abinci halal. Ga dogon wikend, Litinin ma hutu ce."

Na rage murya na ce, "Ba a duba takardu a hanya?"

"Haba Malam! Cikin jihar New York ne fa. Daga Kano zuwa Wudil ana tambayarka fasfo?"

Wannan hujja ta gamsar da ni. Haruna ne ba ta gamsar ba.

"Mi za mu yi can, Malam?"

"Kallo."

"Kallon mi?"

"Ruwa."

"Ruwa na nan ga famfo."

Na yi masa lacca a kan amfanin hutu ga ƙwaƙwalwa. Ina jin don in yi shiru ne ya yarda.

Zango na biyu mota. Asabar da sassafe muka same ta a unguwar 'yan Sin, kuma cike take da 'yan Sin. Ɗan rakiyar, wani siriri mai ƙaramar tuta da usur a wuya, yakan ɗauki lasifika ya yi dogon bayani da harshensu, mota ta ɗauki dariya, wasu har da tafi. Sannan ya juyo wajenmu ya taƙaita mana shi duka da Turanci: "Bayan gida, minti goma." Har yau ina jin an cuce ni tarihin jihar New York gaba ɗaya.

Baƙar fata ɗaya ce a motar ban da mu, wata mata mai jiki a kujerar baya, ta rungume kular abinci. Ta ji muna Hausa sai ta ɗaga murya.

"Ku ma Baba Sule ne ya sayar da ku?"

Hajiya Mariya ke nan, 'yar zangon Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Ta daɗe a ƙasar har ta zama 'yar ƙasa. Hausarta irin ta Gana ce, mace da namiji duk "ya" ne, kuma ba ta san magana a hankali ba.

"Baba Sule ɓarawo ne paa," in ji ta. "Ya ce mini akwai halal. Ni na san shi, shi ya sa na dafa nawa."

Ta zuba mana wake da shinkafa da baƙin yajin nan nasu da suke kira shito. Na ci har na ji kunya. Haruna ya taɓa kaɗan ya yi godiya. Ta dube shi, ta dube ni.

"Ɗan'uwanka ba ya da lafiya?"

"Rasuwa aka yi masa. Mahaifi."

"Bai je ba?"

Na girgiza kai. Ba ta ƙara tambaya ba, domin a garin nan duk wanda aka ce bai je jana'izar ubansa ba, an gama faɗin matsayin takardunsa.

Otal ɗin ba zan ɓata masa tawada ba. Yana bayan gidan mai, kuma ruwan da yake bakinsa kwata ce.

Zango na uku shi ne bakin tafkin, Lahadi da hantsi. Ruwa shuɗi har iyakar gani, tsibirai birjik kamar an watsa ƙuli-ƙuli a faranti. Ina cikin shirya jimlar da zan yaba wa wurin, Haruna ya taɓa ni.

"Malam, waccan tuta ta wa ce?"

A ɗaya gaɓar, nesa kaɗan, wata tuta ce ja da fari mai ganye a tsakiya. Na san ta. Na sha ba da maki a kanta a jarrabawa.

"Kanada," na ce.

"Kanada ta matso, ko mu muka tahi?"

A daidai lokacin idona ya sauka kan wata farar mota mai koren zane a gefen tashar jirgin, da mutum biyu a ciki masu baƙin tabarau. Masu tsaron iyaka ne. Mutumin da ke tsoron ɗan sandan da ke ba da hannu a titi, ga shi na kwaso shi na kawo shi ainihin bakin iyakar ƙasa, inda tambayar takarda ita ce sana'ar gari. In suka ce masa "zo nan", ba zai ƙara ganin teburinsa ba, kuma gidaje uku a bayan Tasawa za su kwana da yunwa.

Na ce mu koma mota mu zauna. Hajiya ta ce, "A'a koraa. Mota babu kowa, ku biyu baƙaƙe a ciki kuna leƙe? Ku shiga jirgi cikin mutane. Kai Haruna, riƙe kular nan. Mai ɗauke da abinci ba ya kama da mai laifi."

Muka shiga tsakiyar 'yan Sin muka bi tutar ɗan rakiya.

Abin da na gani a jirgin nan ya kusa mantar da ni tsoro. Kowane tsibiri da gidansa. Wani tsibirin bai fi filin tsakar gida ba, amma an dasa masa bene har ruwa na lasar matakala. Wani gidan tagoginsa sun fi na makarantarmu yawa, kuma a rufe suke duka, wai masu shi sai lokacin zafi suke leƙowa. Kwalekwalensu ma da nasa gidan, mai rufi da ƙofa, wanda ya fi masallacinmu na Harlem girma. Na tuna mu shida muke karɓa-karɓar katifa huɗu. Hajiya ta ce, "Allah, ba mu ce ka ƙwace musu ba. Amma ka duba lamarin."

Aka sauke mu a babban tsibirin, aka ce jirgi zai dawo da la'asar. Gidan da ke kansa wani attajiri ne ya gina shi fiye da ƙarni guda da ya wuce, da dukiyar da ya tara wajen ƙera maɓallan riga. Yanzu gidan kallo ne. Gadaje a gyare ba mai kwana, an kewaye su da igiya. Teburin cin abinci an jera masa faranti da cokula, da 'ya'yan itace na roba. A bayan gida akwai kabarin karensa, da dutsen marmara da rubutu. Na karanta wa Haruna rubutun, na fassara, sannan na tuna wanda nake fassara wa bai ga kabarin ubansa ba.

Daga nan muka gangara lambu. Furanni an jera su launi-launi kamar ɗalibai a taron safe, kowane da allonsa da sunansa na Latin. Ina karanta sunayen da ƙarfi, don a san ba a banza na zo ƙasar ba, sai na lura Haruna ya tsaya a baya.

Yana tsaye gaban wani dogon fili da aka shuka wani abu mai tsawon mutum, ganyensa da karansa ja mai duhu, kamar an tsoma shi a rini. A saman kowane kara ga zangarniya, doguwa, cike.

"Malam," ya ce a hankali. "Hatsi ne."

Na duba allon. Sunan Latin ɗin na san shi tun ina ɗalibi. Gero ne. Geron da muka sani, na fura da kunu, sai dai an sauya masa launi, an kuma rubuta a ƙasa cewa na ado ne.

Hajiya ta dafe ƙirji. "Tuwo suka shuka don kallo?" Ta waiga, ta yi salati. "Ga alayyafo ma! Ga yakuwa! Malam, miya ce gaba ɗaya suka kewaye da igiya!"

Ban taɓa jin abin da na ji a wurin nan ba. Haruna ya bar gida ne a shekarar da gero ya ƙi, ya haye teku, ya ƙare a bakin titi yana sayar da lema, ga shi ya tarar da geron ya riga shi zuwa, har ya sami aikin da ya fi nasa.

Tsuntsaye suka sauko kan zangarniyar. Kafin in ankara Haruna ya tafa hannu ya kurma ihu, "Haa! Kai! Shaa!" irin na masu tsaron gona. Tsuntsaye suka tashi, 'yan Sin suka juyo da kyamarori. Rabon da in ji muryarsa a sama tun kafin rasuwar. Sai kuma magana ta ɓalle masa.

"Yanzu ne lokacin tumu, Malam. Baba shi ka fara karyowa, ba mai taɓa gona kahin shi. Shi hura wuta nan bakin gona, shi gasa, shi murza ga hannu, shi hure ƙaiƙayi. Sai shi bi mu da shi, babba kahin ƙarami. Ni ne na ukku. Kullum sai in ce nawa bai kai na Sani ba." Ya yi ɗan murmushi. "Bana ban san wa ya gasa ba."

Na ji daɗi har cikin raina. Magani ya fara aiki, kuma ni na rubuta shi. Na ce masa ya zauna a benci ya huta da geronsa, ni da Hajiya za mu hau hasumiyar gidan mu dawo.

Daga tagar hasumiya na hango hayaƙi.

A gefen lambun akwai wurin da aka tanada don masu cin abinci, da murhun ƙarfe na gasa nama. Wasu iyali sun gama sun tashi sun bar garwashi. Ga Haruna a tsugune gabansa yana juya wani abu dogo.

A nan sai in yi masa adalci. A wajenmu matafiyi in ya ratsa gona ya karyi zangarniya ɗaya ko biyu ya gasa ya ci a wurin, ba wanda zai kira shi ɓarawo. Sata ita ce ka ɗaura a kai ka tafi da shi gida. Haruna, mai jiran fitila a titin da ba mota, bai ga ya karya dokar kowa ba. Gona ya gani, ga wuta, ga lokacin tumu.

Ban san Hajiya na iya gudu ba sai ranar. Amma tare muka isa da wasu mutum biyu: wata tsohuwar Baturiya mai malafa da safar hannu, ita ce shugabar lambun, da wani matashin mai gadi riƙe da rediyo. Haruna na ganin kayan sarki ya miƙe, ya ja da baya, ya ɓoye hannuwansa, ya daskare. A kan murhu ga zangarniya uku sun yi baƙi, ɗaya an murje rabinta, ƙaiƙayi a ƙasa.

Na gyara murya na fara bayani da Turancin da na fi ji da shi, a kan matsayin gero a tarihin yankin Sahel da haƙƙin matafiyi a al'adance. Tsohuwar ba ta ko dube ni ba. Ba fushi ne a fuskarta ba, tsoro ne.

"Wa ya ci?" ta ce. "Don Allah, wa ya ci a cikinku?"

Ashe shekaranjiya wani kamfani ya zo ya fesa wa filin maganin ƙwari. Ta nuna wata 'yar tuta rawaya a gindin geron, wadda ni na ɗauka ado ce. Ba ta san wane magani ba ne, kuma kamfanin ya rufe sai bayan hutu. Mai gadi ya riga ya kai rediyo baki. Ya ce doka ce, dole ya kira jirgin 'yan sanda da ma'aikacin asibiti, a ɗauki wanda ya ci, a rubuta sunansa da katin shaidarsa.

Da zagi suka yi, da na san yadda zan ba da haƙuri. Da tara suka ce, da mun haɗa. Amma mutanen nan so suke su ceci ran Haruna, kuma ceton nan shi ne zai kai shi hannun masu farar mota.

Hajiya ta yi murmushi ga tsohuwar, ta yi mini magana da Hausa ba tare da ta dube ni ba.

"Malam, rufe baki. Takardarka na da rai?"

"Tana da rai."

"To kai ka ci."

"Ni? Hajiya, ko ɗanɗana..."

"Kai ka ci, na ce."

Ta ɗauki zangarniyar da ta ƙone kamar mai dubawa, ta ajiye, sannan ta kamo haɓata da wannan hannun tana kuka da Turanci: "Dubi bakinsa! Wannan ne! Ƙanena ne, tun yana yaro haka yake, komai ya gani sai ya kai baki!" Ta goga mini baƙin gawayi daga leɓe har kumatu. Da ɗaya hannun ta tura wa Haruna kula da mayafinta, ya rungume, baƙaƙen tafukansa suka ɓace a ciki.

Haka na tashi daga malamin labarin ƙasa na koma ƙaton da ke cin furannin mutane.

Sai wani tunani ya faɗo mini. In ni aka kai asibiti, wanda ya ci gubar fa? Na ce da Hausa, "Haruna, yaya cikinka? Kana jin jiri?"  Shi kuwa idonsa na kan rediyon mai gadi.

"Bar shi a hannuna," in ji Hajiya. "Aikina ke nan. In ya fara mutuwa zan sani, na ga da yawa. Akwai manja a kula."

Jirgin 'yan sanda ya iso da jiniya. Ma'aikacin asibiti ya haska mini ido, ya ɗaura mini abin awo a hannu. Ɗan sandan, wani jibgege mai jan wuya, ya karɓi fasfona da takardar makaranta, ya daɗe yana dubawa, ya tambaye ni me nake karantawa. Na ce nazarin muhalli. Ya dubi bakina, ya rubuta.

Ya juya ga Hajiya. Ta miƙa masa shuɗin fasfonta tun kafin ya tambaya, tana ba shi tarihin kwaɗayina tun daga yaye. Sannan ya nuna Haruna da biro.

"Shi fa?"

Na ji abin awon ya matse hannuna. Ma'aikacin ya dubi allonsa ya ce bugun zuciyata ya hau ƙwarai. Tsohuwar mai lambu ta ji haka sai ta daka wa ɗan sandan tsawa, ta ce mutum na mutuwa a gabansa shi yana neman hira. A daidai lokacin ɗan rakiyarmu ya busa usur daga tasha, yana kaɗa tuta kamar mai korar awaki. A duk tafiyar nan bai taɓa jiran kowa ba, kuma Allah ya saka masa da alheri a kan wannan hali.

"Mai ɗaukar mini kaya ne, jirginmu zai tashi," Hajiya ta ce, ta finciki Haruna suka bi ayari. Ɗan sandan ya bi su da kallo, ya dube ni, ya mayar da biro aljihu.

Sauran tsibiran a kwance na wuce su, ɗaure a gadon ɗaukar marasa lafiya. An ce su ne suka fi kyau.

Zango na ƙarshe asibitin wani ƙaramin gari ne. Likitan yaro ne, bai fi ɗaliban da na koyar ba. Ya zauna ya tambaye ni da tausayi ko na saba jin sha'awar cin abin da ba abinci ba. Na ce masa abin nan abinci ne, mutane miliyoyi da shi suke rayuwa. Ya gyaɗa kai irin na wanda aka koya wa kada ya yi gardama da majiyyaci. Sannan aka kawo mini kofi cike da wani baƙin ruwa mai kauri. Na tambayi mene ne. Aka ce gawayi. Na bar Funtuwa, na haye teku, na zo ƙasar da ta je wata, aka dama mini gawayi na sha.

Amma na yi amfani da damar. Na ce wa likita, don ilimi kawai, wace alama ake gani ga wanda irin wannan guba ta kama? Ya lissafa: dalalar miyau, gumi, ƙanƙancewar ƙwayar ido, murɗawar ciki. Yana fita na kira Hajiya, suna cikin mota a hanyar komawa.

"Duba idonsa. Ƙwayar ta ƙanƙance?"

"Idonsa a rufe."

"Inna lillahi! Suma ya yi?"

"Minshari yake, Malam. Na ɗura masa manja ya yi barci."

"Miyau fa?"

"Kaɗan, a kafaɗata. Irin na kowa."

Ta ce wata farar mota ta bi bayansu na ɗan lokaci, duk ta gama karanta abin da ta haddace, sai motar ta kauce ta shiga gidan mai. Na ajiye waya na fashe da kuka, abin da ban yi ba tun da na zo ƙasar. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Haiti ta shigo ta same ni haka. Ba ta tambayi dalili ba. Ta kawo mini safa mai ɗumi da bargo, da na ce zan yi salla ta fita ta tambayo gabas, ta dawo ta nuna mini kusurwar da kwandon shara yake, ta ɗauke kwandon.

Da yake ba a sami kamfanin ba, sai suka kwantar da ni har washegari don a sa ido. Litinin suka sallame ni da takardar gargaɗi a kan cin tsirran da ban sani ba. Mota uku na canza kafin in ga gadojin New York, harshena baƙi ƙirin, cikina kuma yana ba ni labarin gawayi a kowace tasha.

Da la'asar na hau matakalar gidanmu. Tun daga hawa na biyu na ji ƙamshin miyar kuka. Na tura ƙofa na tarar da Haruna zaune a ƙasa gaban kwano, hannu dumu-dumu, yana kai loma irin ta mai noma. Ya tashi ya kama hannuna da nasa biyu, miya da komai, ya daɗe bai saki ba.

"Malam, abin da ka yi mini, uwa ɗaya uba ɗaya sai haka. Allah shi biya ka."

Na ce ba komai, cikin muryar wanda ya san da komai. Na zauna, na dube shi sama da ƙasa.

"Cikin fa? Ba murɗa, ba jiri?"

"Wane ciki?"

"Gubar, Haruna. Tumun da ka ci."

"A'a, ai ban ci ba."

Na ce ya maimaita.

"Na murza, na hure, na zuba ga baki. Malam, ɗaci kamar maɗaci, ga wari. Nan take na tofar, har na kurkure da ruwan gora. Ina cikin kurkura ne kuka zo."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Da Turanci suka yi tambaya. Ku kuma da kuka yi ta Hausa, kun riga kun gama shawara." Ya tura mini kwanon. "Manjan Hajiya ne dai ya wahalshe ni. Bismilla, sa hannu."

Ko ƙwaya ɗaya ba ta wuce maƙogwaronsa ba.